Kafin a Yanka Gona Fuloti, a Auna Ingancin Ƙasarta

Daga Mararaba zuwa Masaka har Keffi, gonakin doya da masara na komawa fulotai saboda bunƙasar Abuja. Kafin a kafa harsashi, ya kamata a san wace ƙasa ce ta noma, wacce ce ta gini. Wannan shi ne auna ingancin ƙasa, kuma yau kwamfuta ce ke ɗaukar kaso mafi nauyi na aikin.

Tushensa shi ne tsarin da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fitar a 1976. Ana gwama halin ƙasa da buƙatar shuka: zurfinta, jigawa ce ko laka, tsaminta, gangarenta, da ruwan da take samu. Sai a ba ta daraja, S1 ta dace sosai, S2 matsakaiciya, S3 da ƙyar, N ba ta dace ba. Fadamar da ta ci S1 a noman shinkafa tana iya faɗuwa a noman doya, domin doya ba ta son ruwa ya kwanta mata. Daga baya David Rossiter da Armand Van Wambeke na Jami'ar Cornell a Amurka suka mayar da tsarin manhaja mai suna ALES. Yanzu ana iya yin aikin da manhajar QGIS, wadda kyauta ce.

Matsala na tasowa ne idan ma'aikata suka yi yawa. Kowa ya kwafi taswira a filash, ya gyara tasa, ƙarshe a rasa wacce ce sahihiya. Maganin shi ne a ajiye duk bayanan a babbar kwamfuta guda, cikin rumbu irin PostGIS, sauran kwamfutocin su haɗu da ita ta waya. Sai a raba izini: ɗalibi ya duba kawai, mai gwajin ƙasa ya shigar da sakamako, mutum ɗaya tak ya taɓa ƙa'idojin ba da daraja. Kowane dare a kwafi rumbun zuwa wani wuri, a kuma tanadi batir ko sola, domin ɗauke wuta ana tsakiyar adanawa na iya lalata bayanai.

Akwai kuma ma'aunin taswira. Tsofaffin taswirorin Najeriya da ma'aunin Minna aka zana su, na'urar GPS kuwa ma'aunin WGS84 take bi. Idan aka haɗa su ba a daidaita ba, iyakar gona takan goce da mitoci masu yawa, wanda ya isa ya haddasa rigima tsakanin maƙwabta.

Keffi na da Jami'ar Jihar Nasarawa, jihar kuma na da hukumar NAGIS mai kula da taswirar filaye tun zamanin Gwamna Umaru Tanko Al-Makura. Muna kira gare su da su haɗa hannu, su kafa rumbu guda na bayanan ƙasa, su keɓe gonaki masu albarka tun siminti bai rufe su ba.