Kashi 26 cikin 100: Fasahar AI za ta ɗaga ƙasashe matalauta ne ko za ta bar su a tasha?

A watan Janairun 2024, Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, ya fitar da wani lissafi da ya karaɗe kafafen labarai. Ya ce ƙirƙirarriyar basira, wato AI, za ta taɓa kusan kashi 40 cikin 100 na ayyukan da mutane ke cin abinci da su a duniya. A ƙasashen da suka ci gaba adadin ya kai kashi 60. A rukunin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi kuwa, inda Nijar da Chadi suke, kashi 26 ne kacal.

Da jin haka sai ka ce alhamdu lillahi, guguwar ba za ta biyo ta unguwarmu ba. Amma tambayi kanka abin da ya sa adadin ya yi ƙasa. Galibin mutanen waɗannan ƙasashe manoma ne da makiyaya da ƴan tireda da masu aikin ƙarfi. ChatGPT ba ya huɗa, ba ya kora shanu mashaya. Wanda fasahar ba ta yi wa aikinsa barazana ba, to ba ta ƙara masa sauri ba. Akanta a Landan zai riƙa gama aikinsa da wuri ya karɓi wani, manomin gero a Maraɗi kuwa yana nan da fartanyarsa. IMF ɗin da kansa ya yi gargaɗin cewa tazarar da ke tsakanin ƙasashe na iya ƙara faɗi.

Tsanin da ake janyewa

Ƙasashen da suka fita daga talauci a zamanin nan kusan duk tsani ɗaya suka taka: masana'antu masu ɗaukar dubban ma'aikata a kan albashi mai sauƙi. Haka Koriya ta Kudu ta yi, haka China da Vietnam, haka Bangladesh da ɗinkin tufafi. Mu ma mun fara hawa. Tambayi dattawan Kakuri a Kaduna ko na Sharaɗa da Bompai a Kano, za su ba ka labarin masaƙun da yau yawancinsu suke a rufe.

Sai tsani na biyu ya zo ta intanet. Indiya ta sayar wa duniya aikin kwamfuta. A Philippines mutum fiye da miliyan ɗaya na rayuwa da amsa kiran kwastomomin kamfanonin waje da sauran ayyukan ofis. Nan ne matasanmu suka fara saka ƙafa: fassara, rubutun talla, zanen tambari, mayar da sauti rubutu, ana biyansu da dala ta Fiverr da Upwork. Matsalar ita ce waɗannan su ne ayyukan da AI ta fi iya yi da arha. Mai shago a Amurka da a da zai nemi wani ya rubuta masa bayanin kayansa, yanzu manhaja yake tambaya.

Akwai aikin da fasahar ta kawo da kanta, wato tantance bayanai da yi musu alama don koyar da na'ura. A 2023 mujallar TIME ta bankaɗo cewa ma'aikatan kamfanin Sama a Nairobi, waɗanda suka taimaka wajen tsabtace ChatGPT, ƙasa da dala 2 ake biyansu a awa, alhali suna wuni suna karanta rubuce-rubucen fyaɗe da kisa. Aiki ne, ba a musu. Amma ba irin wanda ke gina ƙasa ba ne.

Inda ta yi rana

A ganina, wanda ke neman alfanun AI a ƙasa matalauciya ya daina kallon manhajojin hira, ya dubi Togo. Lokacin korona a 2020, gwamnatin ƙasar ta ɓullo da shirin tallafi mai suna Novissi, ana tura kuɗi kai tsaye ta waya. Da aka zo faɗaɗa shi zuwa karkara sai aka ci karo da tsohuwar matsala: babu sabon rajistar da ke nuna wane ne talaka, kuma annoba ta hana bi gida-gida. Sai gwamnati ta haɗa kai da ƙungiyar GiveDirectly da masu bincike na Jami'ar California da ke Berkeley. Aka koya wa kwamfuta duba hotunan tauraron ɗan'adam, tana lura da irin rufin gidaje da hanyoyi, don gano yankunan da suka fi talauci. A cikin waɗannan yankuna kuma aka duba yadda mutum ke amfani da layinsa: katin nawa yake sakawa, yana sayen data ko a'a, yana kiran ƙasar waje ko a'a. Daga nan ake ƙiyasta halin da yake ciki. Mutum zai yi rajista da ƙaramar wayarsa ta hanyar danna lambobi, kuɗi su shigo masa ba tare da ya san wani babba ba. An wallafa sakamakon a mujallar Nature a 2022. Tsarin yana da naƙasu: wanda ba shi da waya sam, wanda sau da yawa shi ne ya fi kowa talauci, na'urar ba ta ganinsa. Sannan bayanan kiran mutane ba abin wasa ba ne a hannun hukuma.

A fannin noma akwai manhajar Nuru ta PlantVillage, daga Jami'ar Penn State tare da cibiyar IITA mai hedikwata a Ibadan. Ka haska kyamara a ganyen rogo ta gaya maka cutar da ke damunsa, ko babu intanet. A ƙauyen da malamin gona ke shekara bai leƙo ba, wannan buhunan amfani ne.

A jihar Edo kuma, Bankin Duniya ya gwada koyar da ɗaliban sakandare Turanci da Microsoft Copilot bayan an tashi makaranta, na makonni shida a 2024. Masu binciken sun ce ci gaban da yaran suka samu ya yi daidai da na kusan shekara biyu a tsarin da aka saba. Sai dai a lura: akwai malami a ɗakin, akwai kwamfuta, kuma ɗauke wuta da yankewar intanet sun yi ta kawo cikas.

Wuta, data da harshe

Nan ne gizo ke saƙar. Kimanin mutum miliyan 600 a Afirka kudu da Sahara ba su da lantarki. A Nijar, kusan mutum ɗaya ne cikin biyar ke da ita. Shirin Mission 300 na Bankin Duniya da Bankin Raya Afirka na son haɗa mutum miliyan 300 da wuta kafin 2030, kuma a wurina wannan ya fi kowace takardar manufa ta AI muhimmanci. Wanda ke biyan mai shagon caji kafin wayarsa ta kunnu ba zai zauna yana hira da na'ura ba. Ga tsadar data: a Janairun 2025 hukumar NCC ta amince kamfanonin sadarwa a Najeriya su ƙara farashi har kashi 50.

Sai harshe. Google Translate ya saka Hausa tun 2013, amma har yau ka jefa masa karin magana ka ga ikon Allah. Yawancin manoma da ƴan kasuwarmu ma saƙon murya suke turawa a WhatsApp, ba rubutu ba, don haka manhajar da ba ta jin Hausar baka ba ta isa gare su ba. Ƙungiyar Masakhane ta masu bincike ƴan Afirka tana wannan aiki tun 2019, kuma a 2025 gwamnatin Najeriya da kamfanin Awarri sun ƙaddamar da N-ATLAS mai aiki da Hausa da Yarbanci da Ibo.

Kai ma kana iya ba da muryarka a dandalin Common Voice na Mozilla, inda ake karanta gajerun jimloli da Hausa don koyar da na'ura. Ka dai sani cewa muryoyin da aka tara a can kyauta ne ga kowa: ɗalibin da ke haɗa manhaja a Zariya zai iya ɗauka, haka ma kamfanin waje da gobe zai sayar maka da ita a kan kuɗin wata-wata.