Narambaɗa Ya Samu Shiga, Kassu Zurmi Fa?

Mu mutanen Birnin Tsaba mun tashi da muryoyin makaɗa biyu a kunne: Ibrahim Narambaɗa na Tubali da Kassu Zurmi. Dukansu namu ne, 'yan wannan yanki da ya miƙa daga Zurmi zuwa Shinkafi har Isa. Amma darajar da duniya ta ba su ba ɗaya ba ce, kuma a ganina ba fasaha kaɗai ce ta raba su ba.

Narambaɗa makaɗin fada ne, mai kiɗa da kotso. Ubangidansa shi ne Sarkin Gobir na Isa Amadu Bawa, ko da yake ya waƙe wasu sarakuna da alƙalai na ƙasar. Ya rasu a farkon shekarun 1960, amma har gobe in aka sa Bakandamiyarsa a rediyo sai dattawa su dakata da hira. Ɗalibai sun yi digiri a kan waƙoƙinsa, Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya rubuta littafi sukutum a kansa. Ya cancanta, babu ja. Mutumin da zai ɗauko doki guda, Ɗan Filinge, ya yi ta juya shi da magana har ka ji kamar kana bisa sirdi, ai ba ƙaramin gwani ba ne.

Shi kuwa Kassu makaɗin 'yan tauri ne. Mutanensa ba su da rawani, ba su da zagi. Manoma ne da mafarauta da 'yan kasuwar ƙauye, waɗanda in kiɗa ya tsuma su sai su zare wuƙa su yi ta gurzawa a ciki, ta lanƙwashe ba ta kama ba. Kassu ya san sunan kowa, da ƙauyensu, da kirarinsa. Wanda ke son sanin yadda talakan Zamfara ke magana in ransa ya ɓaci ko ya tsumu, to waƙar Kassu zai nema. Sai dai da yake malamai na ƙyamar tauri, 'yan boko kuma na ganin abin ƙauyanci ne, an bar shi a bakin ƙofa. Ni dai na sha ganin wanda ke kushe shi a majalisa, in ya shiga mota shi kaɗai Kassun yake saurare.

Daraja irin ta hukuma ta kan bi gari da rediyo. Mamman Shata ya samu digirin girmamawa daga Jami'ar Ahmadu Bello a 1988, Ɗan Maraya ya samu nasa daga Jami'ar Jos. Makaɗin ƙauye da wuya takarda ta iske shi.

Amurkawa ma sun daɗe suna raina makaɗan talakawansu. Robert Johnson ya mutu a 1938 yana da shekara 27, waƙoƙi 29 kacal ya bari a faifai. Abin da ya cece su shi ne wasu sun ɗauki na'ura sun shiga ƙauyuka. A 1941 Alan Lomax ya iske Muddy Waters yana aikin gonar auduga a Misisifi, ya naɗi muryarsa don ɗakin karatu na majalisar dokokin ƙasar. Daga irin wannan kiɗa Bob Dylan ya sha, har ya samu kyautar Nobel ta adabi a 2016.

Mu tamu taskar tana cikin tsofaffin kasakasai da ƙwaƙwalwar tsofaffin 'yan amshi, ga rashin tsaro ya tarwatsa ƙauyukan da suke zaune. Ina roƙon malaman Hausa na Jami'ar Tarayya ta Gusau da su nemo waɗannan dattawa tun suna da rai. Kai kuma mai karatu, in akwai kaset ɗin Kassu a adakar babanka, ka fito da shi a juye.