Kafin ka sallami sabon yaron sito

Ɗan kasuwar hatsi idan ya ɗauki sabon yaron sito, ba ya miƙa masa makulli ranar farko. Gwada shi yake yi: buhun gero nawa ya rage, jero min masu bashi, yaushe motar masara ta sauke kaya. Amsoshin kuma suna nan rubuce a littafin maigida. Haka ake yi wa PostgreSQL, manhajar rumbun bayanai da aka soma ƙerawa a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1986. Ka gama haɗa ta, ka buga make check, sai a kafa mata rumbu na wucin gadi, a jera mata tambayoyi rukuni sama da ɗari biyu, a gwama amsarta da ta littafi.

To, mai gwamawar fa, wato diff, bai san uzuri ba. Harafi ɗaya ya goce, ya ce an faɗi. Nan mutum zai ga jan rubutu ya kama salati, har ya fara shirin goge komai.

Haba malam, tsaya. Buɗe fayil ɗin regression.diffs ka ga inda yaron ya saɓa wa littafi. Sau da yawa gaskiya ya faɗa. An ce ya jero masu bashi, ya fara da Audu, littafi ya fara da Bala, kuma babu wanda ya tsallake. Ai tambayar da ba a sa mata ORDER BY ba, ba a yi alkawarin wa zai zo gaba ba. Ko kuwa tsarin harshen kwamfutarka ya bambanta, ta jera manyan baƙaƙe da ƙanana yadda ta saba. Wannan ya fi faruwa da make installcheck, domin shi rumbunka na gaske yake tambaya. Wani lokaci agogo ne, don da lokacin Kalifoniya aka rubuta littafin. Wani lokaci kuma ɗan bambanci ne a can wutsiyar lamba, kamar mudu biyu da ɗaya ya fi ɗaya da ƙwayar gero uku. Wa zai kai ƙara kan wannan?

Akwai kuma laifin da na maigida ne. Ka shiga a matsayin root, gwajin ba zai ma tashi ba. Kuma tambayoyi har ashirin ake jefa wa yaron lokaci guda; idan injinka ƙarami ne, rage su da MAX_CONNECTIONS=10.

Amma idan buhu goma ya koma tara, ko yaron ya zube ƙasa ana cikin tambaya har rumbun ya mutu, babu sauran uzuri. Kada ka zuba bayanan jama'a a ciki. Adana regression.diffs da regression.out, ka rubuta sigar manhajar da irin injinka, sannan ka kai wa masu PostgreSQL rahoto.