Fim Ɗin Umar Mukhtar da Fuskar Mulkin Musolini

Wanda ya taso zamanin gidajen kallo na bidiyo a Kaura Namoda ko Shinkafi, da wuya bai san dattijon nan mai farin gemu da tabarau ba, malamin allo da ya hau doki ya tari tankokin Italiya. Mu dai Umar Mukhtar muke ce wa fim ɗin. Sunansa na asali Lion of the Desert, Mustafa Akkad ɗan Siriya ya shirya shi, ya fito a 1981, Anthony Quinn ne ya hau matsayin malamin. Abin da yawancinmu ba mu lura ba shi ne, darasi muke kallo a kan fasisanci, aƙidar da Musolini ya hau mulkin Italiya da ita a 1922: shugaba ɗaya, jam'iyya ɗaya, bautar ƙarfin soja, da ɗaukar wasu al'ummu a matsayin ƙasƙantattu.

Finafinan Turai da Amurka sun fi nuna wannan aƙida daga sama, wato kaki, fareti, da shugaba yana kumfar baki a bisa bene. Su kansu masu mulkin haka suke so a gan su. Leni Riefenstahl ta ɗauki taron jam'iyyar Hitila ta fito da Triumph of the Will a 1935, Musolini kuma ya buɗe katafaren sansanin shirya fim na Cinecittà a Rum a 1937. Charlie Chaplin ya mai da su biyun abin dariya a The Great Dictator a 1940, ya kuwa yi kyau, sai dai dariya ba ta nuna inda takalmin ya taka.

Akkad ya sauko da kyamara ƙasa, wajen talakan da aka taka. Janar Graziani na Italiya ya gane cewa mayaƙan Sanusiyya da Umar Mukhtar ke jagoranta a Libiya ba za su karye ba muddin ƙauyuka na ba su abinci da mafaka, sai ya juya kan ƙauyukan. Aka kwashe mutanen gabashin Libiya kimanin dubu 100 zuwa sansanonin tsarewa a sahara, dabbobinsu suka ƙare, yunwa da cuta suka kashe dubbai. Aka ja waya mai ƙaya ta kusan kilomita 270 a iyakar Masar don toshe hanyar taimako. Aka rataye Umar Mukhtar a sansanin Suluk ranar 16 ga Satumba, 1931, a gaban mutanen da aka tilasta wa kallo. Mutumin Zurmi da ya ga 'yan bindiga sun mai da ƙauye kufai ba ya buƙatar a yi masa tafinta a nan, ko da yake ɗan bindigar daji ɓarawo ne, ba gwamnati mai aƙida ba, kuma bai kamata a haɗa su ba. Italiya ta ji zafin fim ɗin har ta hana nuna shi a 1982, ba a sa shi a talabijin ɗin ƙasar ba sai 2009.

To amma kuɗin wa aka yi shi da su? Gwamnatin Gaddafi ta Libiya ce ta zuba, kusan dala miliyan 35, alhali ita kanta ba ta yarda da adawa a gida. Mu ma mun taɓa ganin irin wannan. Turawan Ingila sun kafa sashen fim na mulkin mallaka a 1939, majigi ya riƙa zagaya garuruwan Arewa yana nuna sharrin Hitila don a ba da gyaɗa da samari. Samarin sun tafi, sojojin Najeriya sun yaƙi na Musolini a Somaliya da Habasha a 1941, wasu suka wuce Bama. Gaskiya majigin ya faɗa a kan Hitila, amma bai taɓa cewa uffan ba a kan masu riƙe da layin dogon da ya iso Kaura a 1929 yana kwasar amfanin gona.

Don haka ɗan'uwa, in yaranka suka buɗe Umar Mukhtar a waya, kada ka bar su da sukuwar dawaki kawai. Ka nuna masu wayar nan mai ƙaya da sansanonin, sannan ka gaya masu wanda ya biya kuɗin fim ɗin.