Biskit ɗin cakulan da na'a-na'a: gashin tukunya don Sallah

Duk gidan da kuka shiga a Dawakin Tofa cikin kwanakin ƙarshe na azumi, ƙamshin mai ne zai fara tarbarku. Ana suyar cincin, ana murza dubulan, wani gidan kuma alkaki ne ake tsomawa cikin zuma. Abin lura, kusan duk kayan zaƙinmu na Sallah soyawa ake yi. Da an ce gashi, sai a ce ai wannan na masu oben ne a birni. Mun gwada, mun ga ba haka ba ne. Da tsohuwar tukunya, da yashi, da gawayi, ɗalibin sakandare zai iya fitar da biskit ɗin cakulan mai ɗanɗanon na'a-na'a, irin wanda Turawa ke gasawa a gida lokacin Kirsimeti.

Ga abin da za ku tanada, da gwangwanin madara a matsayin ma'auni: fulawa gwangwani 3, garin koko 1, sukari 1 da rabi, bota 1 da rabi, ƙwai 2, bekin foda ƙaramin cokali 1, ɗan gishiri, sai ɗanyen ganyen na'a-na'a cikin tafin hannu biyu. Koko a nan ba wanda ake sha da ƙosai ba ne. Garin 'ya'yan itacen nan ne da ake yin cakulan da shi, wanda asalinsa daga Kudancin Amurka yake, amma yau Kodebuwa da Ghana ne ke noma fiye da rabin wanda duniya ke ci. A Najeriya jihar Ondo ce kan gaba. Idan ba ku samu zallarsa ba, Bournvita ko Milo za su yi, sai dai ku rage sukarin da rabi, domin da zaƙinsu suke zuwa, kuma launin ba zai yi duhu sosai ba.

Na'a-na'ar ita ce ta fara ba mu wahala. Karon farko mun yanka ganyen mun zuba cikin kwaɓin kai tsaye, sai ya fito kamar ciyawa a baki, ƙamshin kuma ya gudu. Dalili shi ne sinadarin da ke sa a ji sanyi a harshe, wato mental, ya fi narkewa a cikin mai a kan ruwa, kuma zafi mai yawa na kore shi. Don haka ku narkar da botar a wuta kaɗan-kaɗan, ku murtsuke ganyen da hannu ku zuba, ku sauke, ku rufe na minti 30. Sannan ku tace, ku matse ganyen sosai ku zubar. Botar ce yanzu ke ɗauke da ƙamshin.

Sai ku buga botar da sukari, ku fasa ƙwai ɗaya bayan ɗaya, ku tankaɗe fulawa da koko da bekin foda da gishiri a ciki. Ku juya har garin ya ɓace, ku tsaya nan. Wannan ba kwaɓin fanke ba ne; yawan bugu na sa biskit ya yi tauri. Idan kwaɓin ya yi laushi saboda zafin gari, ku ɗora kwanon a cikin ruwan randa na rabin awa.

Yanzu maganar wuta, wadda ita ce komai. Ku samo yashi mai tsabta, ku tankaɗe, ku wanke, ku shanya ya bushe ƙarau. Ku zuba shi a gindin tukunya kaurin yatsu biyu, ku kifa gwangwanaye uku marasa fenti a kai, domin farantin gashi ya zauna a kansu ba tare da ya taɓa yashin ba. Aikin yashin shi ne ya shanye zafin gawayi ya riƙa sakinsa a hankali, ta yadda iskar cikin tukunyar ce za ta gasa, ba harshen wuta ba. Ku rufe, ku bar ta ta yi zafi na minti 15. A oben ana sa digiri 180 ne. Mu da ba mu da ma'auni, sai mu barbaɗa ɗan fulawa a farantin mu rufe. Idan ta yi ja cikin minti biyu zuwa uku, wuta ta yi daidai. Idan ta yi baƙi, ku rage gawayi.

Ku mulmula kwaɓin kamar girman goro, ku ɗan danne, ku jera da tazara. Wanda ke son ƙari ya barbaɗa riɗi, tunda ga Dawanau a cikin ƙaramar hukumar, ba a rasa shi. Ku rufe, ku ɗora 'yan garwashi a kan murfin don sama ma ta samu zafi. Minti 10 zuwa 12 ya isa.

A nan ne muka yi asarar faranti guda. Cincin idan ya soyu launinsa ke faɗa, amma wannan tun yana ɗanye baƙi ne, ido ba zai gaya muku komai ba. Muna jiran ya "yi ja", ashe gindinsa ya ƙone, ga shi da rana ne ana azumi, ba mai iya ɗanɗanawa. Sai bayan shan ruwa muka gane ɗaci ne zalla, fulawa da ƙwai sun tafi a banza, a lokacin da kowa ya san kuɗinsu. Tun daga nan muka koma gashin dare, muna fara gwaji da guda biyu kacal. Alamar nuna ita ce gefe ya tsaya, sama ya ɗan tsage, tsakiya kuma da sauran laushi. Ku sauke a haka, zai ƙarasa ƙarfi yayin da yake hucewa.

Ku nemi izinin Umma kafin ku ɗauki tukunya, don yashi da busasshen zafi na ɓata gindinta. Ku ajiye tsumma mai kauri na ɗaga murfi, ku kori ƙanne daga kusa da murhu, kuma kada a kunna gawayi a cikin ɗaki rufe. Idan ya huce sarai, ku zuba a roba mai murfi. Zai kai kwana biyar lafiya, in dai masu yawon Sallah sun bar saura.