Yarjejeniyar Samoa da Kanun Daily Trust: Ina Gaskiya, Ina Ƙari?

Ranar Juma'a 5 ga Yulin 2024, tun ban gama karin kumallo ba saƙon murya uku suka shigo wayata, duk zance ɗaya: wai an sayar da tarbiyyar Najeriya a kan dala biliyan 150. Na ukun daga kawuna ya fito, mutumin da ba ya turo saƙo sai na ɗaurin aure ko na rasuwa. Na kira shi, bayan gaisuwa ya ce, "Ɗana, kai da ke karanta jaridun Turanci, wai da gaske gwamnati ta halatta auren jinsi?" Na ce, "Allah ya ja kwana Kawu, a ina kuka ji?" Ya ce, "Daily Trust ce fa ta buga." Ya ambaci sunan kamar wanda ya gabatar wa alƙali shaidu biyu adilai.

Ta nan Kawu bai yi kuskure ba. Ranar Alhamis 4 ga watan, jaridar ta fito da babban kanu a shafin farko wanda ya jera kalmar LGBT da labarin cewa Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar Samoa ta dala biliyan 150. Sa hannun ma gaskiya ne, an yi shi ranar 28 ga Yunin 2024 a birnin Brussels. Daga nan ne gaskiya ta tsaya, ƙari ya ci gaba da tafiya shi kaɗai.

Ita dai yarjejeniyar ba tsakanin Najeriya da Samoa take ba, kamar yadda wasu suka ɗauka. Tsakanin ƙasashe 27 na Tarayyar Turai ce da ƙasashe 79 na Afirka da Karibiyan da yankin tekun Pasifik. Sunan ya samo asali ne daga wurin taron, domin a Apia, babban birnin ƙasar Samoa, aka fara sa mata hannu ranar 15 ga Nuwamban 2023. Haka aka saba. Wadda ta gabace ta ana kiranta yarjejeniyar Kwatano, ta shekarar 2000, ita kuma ta gaji ta Lome da aka fara a 1975, kuma Najeriya na cikin dukkansu. Abin dariyar shi ne, ita kanta Samoa da sunanta ya zama abin tsoro a majalisun hira, dokarta ba ta yarda da auren jinsi ba.

Maganar kuɗi kuwa, babu wani shafi a yarjejeniyar da ya ce za a ba Najeriya dala biliyan 150, ba kyauta ba, ba bashi ba. Akwai adadin 150 ɗin, amma na yuro ne, kuma alkawarin zuba jari ne da Tarayyar Turai ta yi wa nahiyar Afirka baki ɗaya a taronta da Tarayyar Afirka cikin Fabrairun 2022, tun kafin a je Apia. Ko lissafi kaɗai ya isa ya sa mutum ya dakata: a lokacin, duk bashin da ƙasashen waje ke bin Najeriya bai kai dala biliyan 50 ba. Wane ne zai ɗauki ninkinsa uku ya miƙa wa gwamnati a zama ɗaya, babu wanda ya ji ko ƙarar buhun?

Sai babban zargin, wanda ya hana mutane barci. Yarjejeniyar ba ta ambaci luwaɗi ba, ba ta ambaci maɗigo ba, ba ta ambaci auren jinsi ba. Shugaban Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya na lokacin, Yakubu Maikyau, ya fito ya faɗi haka, ya kuma ce an nemi shawararsa kafin a sa hannu. Ko da a ce an ambata, sashe na 12 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce babu yarjejeniyar waje da ke zama doka a Najeriya sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka. Dokar haramta auren jinsi da Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014, mai ɗaurin shekara 14, tana nan daram, ba a taɓa ko wasali ɗaya a cikinta ba.

To amma ban yarda da masu cewa duk wanda ya firgita jahili ne ba. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. A 2011 Firaministan Birtaniya David Cameron ya yi barazanar rage tallafi ga ƙasashen da ke hukunta masu neman jinsi. A Agustan 2023 Bankin Duniya ya dakatar da sabon bashi ga Uganda saboda dokar da ta kafa a kan batun. A wurin tsara wannan yarjejeniya ma Turawa sun so a rubuta kariya ga masu neman jinsi ɓaro-ɓaro, ƙasashen Afirka suka ƙi, sai aka tsaya a kan hana wariya saboda jinsi ko ƙabila ko addini ko naƙasa ko shekaru ko wani matsayi na daban. Wannan "wani matsayi", tare da wurin da aka yi maganar haƙƙin lafiyar jima'i da haihuwa, su ne masu suka ke nunawa suna cewa ƙofa ce aka bari a buɗe. Bishop-bishop na cocin Katolika a Najeriya sun nuna irin wannan damuwa, Majalisar Wakilai kuma ta nemi a dakatar da aiwatarwa har ta yi bincike. Mai cewa a sa ido a kan yadda za a fassara waɗannan kalmomi nan gaba yana da hujja. Laifin kanun jaridar shi ne ya ɗauki abin da ake tsoron ya faru ya sayar wa mai karatu a matsayin abin da ya riga ya faru.

Gwamnati kuma ba ta fita fes ba. Najeriya ta ƙi sa hannu a Nuwamba, ta ce tana nazari, sannan bayan wata bakwai ta je ta sa ba tare da ta zaunar da jama'a ta yi musu bayani ba. Sai da wuta ta kama ne Ministan Yaɗa Labarai Mohammed Idris da Ministan Kasafi Atiku Bagudu suka kira 'yan jarida, suka ce ai Najeriya ta haɗa da takardar sharaɗi cewa duk abin da ya saɓa wa dokokinta ba ya hawa kanta. Da an karanta wa mutane wannan takarda a rediyo ranar da aka sa hannu, da kanun bai samu wurin zama ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wani zancen da ya yi yawo shi ne za a rufe jaridar. Masu faɗar haka ba su manta da Janairun 2019 ba, lokacin da sojoji suka mamaye ofisoshinta na Abuja da Maiduguri kan wani labari game da garin Baga, da kuma tarar naira miliyan 5 da hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta ci Trust TV a 2022 kan shirinta na 'yan bindiga. A wannan karon dai ba a rufe ta ba. Gwamnati ta kai ƙorafi gaban kwamitin da su kansu masu jaridu da editoci suka kafa don sauraren koke a kan kafafen yaɗa labarai. A watan Satumba kwamitin ya yanke cewa labarin ba daidai ba ne, ya umarci jaridar ta nemi afuwa, ya kuma ja kunnen gwamnati kan yin abu a rufe. A farkon Oktoba Daily Trust ta buga neman afuwarta. Saboda haka mai cewa jaridar ta tsaya a kan bakanta har yau, shi ma bai bi labarin zuwa ƙarshe ba.

Na ɗauki hoton shafin neman afuwar na tura wa Kawu, na kuma bi shi da saƙon murya na fassara masa. Ya yini bai amsa ba. Bayan sallar isha'i ya kira, ya tambayi lafiyar iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, "Na ji saƙonka, ɗana. Amma ka tabbata ba matsa musu aka yi ba?"