Rumbunan da Suka Riƙe wa Rumawa Birtaniya

A Housesteads, sansanin soja da ke kan katangar da Sarkin Rum Hadrian ya sa aka fara ginawa a arewacin Ingila a shekarar 122, akwai wani kango mai gajerun ginshiƙan dutse a jere. Su ne suka ɗauki daɓen rumbun sojoji, don iska ta ratsa ta ƙarƙashi, damshi da ɓeraye su rasa hanya, kamar yadda manominmu ke ɗora rumbunsa kan duwatsu. A kangon rumbunan Corbridge ma har yau ana ganin kafofin iskar a gindin bango. A ganina, waɗannan kangaye sun fi takubba da garkuwoyi bayyana yadda Rumawa suka riƙe Birtaniya shekaru sama da 300, domin sojan da cikinsa ke ƙugi ba ya tsare iyaka.

Babbar shaida tana sansanin South Shields, a bakin kogin Tyne. Wajen shekarar 208, da Sarki Septimius Severus ya ɗaura ɗamarar yaƙin Sikotilan, sai aka rushe yawancin gine-ginen sansanin, aka cika shi da rumbunan dutse sama da 20. Wato kafin runduna ta ɗaga ƙafa, an riga an shirya inda alkamarta za ta sauka daga jirgin ruwa.

Wani zai ce yawan rumbu alamar wadata ce, ke nan mulkin Rum ya amfani 'yan ƙasa. Ban yarda ba. Tun kafin zuwan Rumawa a shekarar 43 mutanen Birtaniya ke adana hatsi a ramuka, kamar waɗanda aka tono a Danebury. Abin da ya sauya shi ne mai riƙe da mabuɗi. Marubucin tarihi Tacitus, wanda shi kansa Barume ne, ya ba da labarin yadda jami'ai ke tilasta wa manoma sayen hatsi don su biya harajin hatsi, ko kai shi wurare masu nisa da gangan, har sai da surukinsa Gwamna Agricola ya hana.

Tara hatsi wuri guda kuma ya zo da tasa annobar. Masana sun fara samun ƙwarin rumbu a Birtaniya ne daga zamanin Rumawa, alamar cewa cikin kayansu suka shigo. A titin Coney da ke York, ƙwarin sun cinye wani sito har sai da aka rushe shi, aka binne wurin da yumɓu, sannan aka gina sabo a kai.